Ummu Salma Mai Raɗa Wa 'Yan Aike Suna

Kafin rana ta leƙo bayan katangar gidansu da ke Gaya, Malama Ummu Salma ta riga ta yi sallah ta ɗora ruwan koko. Daga nan sai ta ɗauki tsumma, ta hau ɗan tsanin da ke jingine da ɗakin girki, ta goge farantin sola tas, don ita a wurinta farantin nan shi ne gonarta. In yara sun tafi makaranta, maigidanta Malam Mudassir ya buga babur ya nufi Ajingi inda yake koyarwa, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora kwamfuta a kan wata tsohuwar kujerar tsuguno, ta yi bismillah. Ba ta tashi sai an kira azahar. Shekara goma sha uku ke nan a haka, rani da damina.

Maƙwabta sun daɗe suna ganinta a zaune. Wasu sun ɗauka fim take kallo, wasu suka ce takardun jarrabawa take buga wa mijinta. Ba ta taɓa damuwa ta gyara musu ba. A bana ta sauka daga aikin, ba taro, ba kujeru, ba wanda ya miƙa mata ko da takardar yabo. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wace ce ita tun tana raye tana ji.

Ni ban yi nisa a boko ba, don haka yadda take kwatanta aikin ga duk wanda ya tambaye ta, haka zan kwatanta shi. Ta ce kowane memori da ke cikin rediyo ko rikoda kamar gafaka yake, cike da warƙoƙin da ba a ɗinke ba. Dole a samu wani abu a cikin na'urar da ya san inda kowace warƙa take, wacce ke bin wacce, da wacce ba a rubuta komai a kanta ba. Wannan abu shi ne manhajar tsara fayil. Wadda take yi wa hidima, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suna rubuta ta, ba wanda ya mallake ta, kowa na iya ɗauka ya sa a cikin na'urar da yake ƙerawa. A cikinta kuma akwai ɗaruruwan ƙananan ayyuka da masu sana'ar ke kira fankishin. Ita 'yan aike take ce musu, domin kowanne yana da suna, in an kira sunansa sai ya tashi ya yi aikensa ya dawo.

Lokacin da ta shiga cikinsu, bayan ta gama karatu a jami'ar da ke Wudil ta yi aure, ta tarar da manhajar kamar ɗakin da aka shekara goma ana jefa kaya ta taga. Fayil guda ya haura layi dubu goma sha ɗaya. Sunayen 'yan aiken kuwa, in ta fassara su da Hausa sai mutum ya yi dariya. Akwai mai suna "yi abin nan", akwai "yi abin nan na biyu", akwai "gyara kaɗan". Akwai wanda aka raɗa wa "sabo", alhali ya girmi ɗanta na fari. Kowa cikin masu aikin yana son ya gina sabon ɗaki a san da shi. Ba mai son ɗaukar tsintsiya. Ita ta ɗauka.

Ba a jami'a ta koyi wannan hali ba. Mahaifinta, marigayi Malam Hafizu na Balan, mai kwafar littattafai ne da hannu, kuma tun tana 'yar shekara bakwai ita ke jera masa warƙoƙi in tawada ta bushe. Abu biyu ta gani a wurinsa da ba ya saɓawa. A ƙasan kowace warƙa yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, ta yadda ko iska ta watsa littafi a tsakar gida, mai haƙuri zai bi kalma da kalma ya mayar da shi yadda yake. Sannan ba ya ɗage tsohuwar warƙa daga gabansa sai sabuwar ta bushe, an karanta su biyun an ga ba abin da ya faɗi.

Da wannan tarbiyya ta kama aiki. Ranar da ta canza wa ɗan aike suna, ba ta taɓa aikin da yake yi. Ranar da ta ɗauke shi daga babban fayil ta kai shi cikin 'yan'uwansa masu aiki iri ɗaya, ba ta taɓa sunansa. Abu ɗaya a rana, don in wani abu ya lalace a san daga ina ne. Kafin ta raɗa suna kuma, sai ta faɗi aikin ɗan aiken da baki, da Hausa. In ya faɗu a numfashi ɗaya, to, sunan ya samu. In sai ta ja numfashi na biyu, sai ta ce wannan mutum biyu ne a cikin riga ɗaya, a raba su. Malam Mudassir ya ce akwai lokacin da ya dawo ya ji ta a rumfa tana magana ita kaɗai, har ya fara tunanin nemo mai ruƙiyya.

Ba kowa ya yi maraba da ita ba. Wani babba a cikin masu aikin, mutumin wata ƙasa mai nisa da ba su taɓa ganin juna ba, ya rubuto a gaban kowa cewa tana ɓata musu lokaci, canza suna ba ya gyara komai, shara ce kawai. Da ta tashi amsawa sai ta gode masa, ta ce gaskiya ne shara ba ta gyara rufi, amma mai shara ce ke fara ganin inda ɗaki yake yoyo. Ta ci gaba da abin da take yi.

A shekararta ta shida ta iso kan wani ɗan aike mai suna "ajiye". Suna ɗan gajere, amma layi ɗari huɗu ne a cikinsa, kuma ba mai son buɗe shi tunda yana aiki. Ta gwada faɗin aikinsa, sai da ta ja numfashi uku. Ta yi mako biyu tana raba shi a hankali, ba ta sauya ko tsarin da suke bi ba, ta dai ba kowane yanki sunansa na gaskiya, ta jera su yadda ta same su. Na farko, "goge tsohon jadawali". Na biyu, "rubuta abin da aka kawo". Na uku, "rubuta sabon jadawali". Jadawalin nan shi ne takardar da ke nuna inda kowace warƙa take.

Da sunayen suka tsaya a jere, ko makaho a sana'ar zai ga ramin. Ana goge tsohon jadawali kafin a rubuta sabo. In wuta ta ɗauke ko batir ya mutu a tsakanin nan, na'ura za ta farka ta ce ba komai a cikinta. Su can inda wuta ba ta ɗaukewa, shekara da shekaru ba su lura ba. Babban nan da ya kira aikinta shara, shi ya fara gani, ya juya layi biyu, aka gyara. Sunansa aka rubuta a kan gyaran. Malam Mudassir ya ji haushi, ita kuwa dariya ta yi, ta ce in ɗinki ya yi kyau ba a tambayar wanda ya zura zare a allura.

Ke ce, Malama, mai zura zaren. Ke ce kika yarda a wuce ta kan tabarmar da kika share ba tare da an kalli ƙasa ba.

To amma na'urorin da aka riga aka ƙera da tsohuwar manhajar suna nan a kasuwa, kuma ɗaya daga cikinsu ta faɗo gidansu.

Baffanta, Malam Badaru, ƙanin mahaifinta, shi ne babban malamin da ya rage a gidansu na Balan. Akwai wani littafi da kakansu ya rubuta da hannunsa, a taƙaice ƙwarai, wanda bayaninsa ba a rubuce yake ba. Daga baki zuwa baki ya zo, kuma a kan Malam Badaru ya tsaya. Shekara biyu da suka wuce muryarsa ta fara dusashewa. Likitoci a Kano suka ce sai an yi masa aiki a maƙogwaro, suka kuma gaya masa gaskiya cewa da wuya muryar ta dawo. Sai ya sa aka sayo masa ƙaramar rikoda. Kullum da hantsi yakan zauna a zaure ya karanta layi ya yi bayani, in ya gaji ya huta kwana ɗaya ko biyu. Wata huɗu yana yi, har ya kai zama arba'in da ɗaya, littafi ya ƙare. A daidai lokacin da ya danna ta ta ajiye zaman ƙarshe, batir ya mutu.

Washegari matarsa, Inna Hure, ta sa sabon batir don ta ji, rikoda ta nuna ba komai. Saura kwana tara a tafi Kano. Ba ta gaya masa ba. Ta ce za ta kasuwa Gaya sayen kayan miya, ta wuce shagon Surajo mai gyaran waya.

Surajo yaron kirki ne, hannunsa kuma yana da kyau a gyara, amma ya yi abin da kowa ke yi. Ya kunna rikodar, ya ɗauki muryarsa don ya ga ko tana aiki, ya saurara, ya ga lafiya lau. Sai ya zare memorin ya sa a kwamfutarsa, ya ce wa Inna ai ƙaramin abu ne, fomatin za a yi masa, wato a wanke shi tas kamar allo, ya dawo sabo.

"Karatun da ke ciki fa?" in ji ta.

Ya ce ai wannan ya riga ya tafi, sai dai Malam ya sake.

Inna Hure ta miƙa hannu ta kan teburin ta riƙe masa yatsu. "Kai Surajo, a wace makarantar ka ga an wanke allo malam bai saurara ya ce a wanke ba? Ba ni abina."

Ta ƙulle memorin a haɓar zaninta tare da goronta, ta taka har gidan Ummu Salma a cikin rana, kayan miyan ma ta manta da su.

Ummu Salma ta sa memorin a kwamfutarta ta duba. Ta gane tsarin rubutun da ke cikinsa kamar yadda mutum ke gane takun ɗan gidansu. Tsohuwar manhajarsu ce, ta kafin ta raba "ajiye". Ta san abin da ya faru layi da layi, domin ita ta raɗa wa kowane mataki suna. An goge tsohon jadawali, ba a kai ga rubuta sabo ba. Abin da ta fara yi shi ne ta kwafe memorin gaba ɗaya zuwa wani wuri, ta mayar wa Inna na asalin ta ce a sake ƙulle shi, kada kowa ya taɓa. A kan kwafin za ta yi aiki. Tsohuwar warƙa ba ta barin gaban mutum sai sabuwa ta bushe.

Da la'asar suka hau adaidaita zuwa Balan, don ta ce ba za a ɓoye wa Baffa ba. Ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi, ta faɗa masa yadda abin yake. Malam ya ce Allah ya bayar, Allah ya karɓa, amma Inna Hure ta ce carbin da ke hannunsa ya tsaya cak. Ya yi lissafi a fili, da muryar da da ƙyar ake ji, ya ga a kwana tara ko zama biyar ba zai iya sakewa ba.

"Baffa, ban yi maka alkawari ba," in ji ta. "Amma warƙoƙin suna nan a cikin gafaka. Iska ce ta watsa su."

Ya ɗago ya dube ta. "Akwai kalma a ƙasansu?"

Ta ce akwai.

"To je ki, 'yar Hafizu. Jera min."

Akwai ɗin kuwa. A wannan manhaja, kowane guntun sauti yana ɗauke da alamar guntun da ke biye da shi a ƙarshensa, kuma ɗan aiken da ke bin wannan alama, ita da kanta ta fito da shi daga cikin tarkace shekarun baya ta sa masa suna "nemo na gaba". Ba ta ɓata ko yini ɗaya wajen laluben inda yake ba. Ta ɗauko shi ta sa shi aiki, zama na biyu ya fito, na uku ya fito, suna ta fitowa kamar awaki daga garke. Duk wanda ya fito sai ta saurara daga farko har ƙarshe kafin ta yarda da shi.

A wurare goma sha wani abu alamar ta lalace. Magana za ta zo tsakiya ta yanke, ga guntaye birjik ba a san wanne ne ci gabanta ba. Ummu Salma ba ta san bayanin littafin ba, kuma ba ta son a wahalar da muryar Baffa. A rana ta huɗu tana maimaita wani guntu da ya katse, sai Inna Hure, da ta zo da fura ta zauna a gefen tabarma tana tsinke zogale, ta ƙarasa maganar ba tare da ta ɗaga kai ba. Ummu Salma ta nemi guntun da ya fara da waɗannan kalmomi, ta same shi, ya zauna daram. Ta sake kunna wani. Inna ta sake ƙarasawa. Ashe shekara arba'in murhunta yana bayan katangar zaure, duk ɗaliban da suka zo daga Gafasa da Ajingi suka tafi, ita tana nan tana tuƙa tuwo tana ji. Ba ta taɓa riƙe littafin ba, amma ba inda ta yi kuskure. Da labarin ya kai wa Malam, ya ce ashe babbar ɗalibarsa a bayan katanga take, ita kuma ta ce ai tuntuni ta fi su, tuwo ne ya hana ta zama gaba.

A rana ta bakwai zama arba'in suka cika cif. Ɗaya ne bai dawo ba, na farko. Gwajin da Surajo ya yi, da yake na'urar ta ɗauka memorin ba komai, a kansa ya hau. In an kunna sai a ji "gwaji, gwaji", da hayaniyar kasuwa, da wani yana tallar kankana. Ummu Salma ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ɗora wa kowa laifi ba. Surajo ya rufe shago ya je Balan ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da kowa. Malam ya sa aka kunna masa ya ji, ya yi murmushi, ya ce a bar shi kada a goge, shi da mai kankana sun shiga littafin kaka.

Da hantsin ranar da za a tafi Kano, mota na jira a ƙofar gida, Malam Badaru ya zauna a zaure ya sake zaman farko. Wannan karon da wayar Ummu Salma aka ɗauka, ita ke riƙe da ita kusa da bakinsa. Yana yi yana kurɓar ruwan ɗumi. Abin da a da yake yi a rabin sa'a, sai da ya kusa sa'a biyu, amma ya kai ƙarshe ya shafa fatiha. Ta ajiye shi a wuri uku kafin ta bari ya tashi.

An yi aikin, Allah ya ba shi lafiya, yana nan da ransa. Muryar ce ba ta dawo ba, sai raɗa. Yanzu da hantsi ɗalibai kan taru a zauren a kunna karatun, shi yana zaune yana bi da yatsa a kan warƙa, in wani ya yi gyangyaɗi ya ƙwanƙwasa masa allo. Fayilolin ba lamba kawai aka sa musu ba, kowanne Ummu Salma ta raɗa masa sunan abin da ke cikinsa, yadda mai nema zai samu ba tambaya. Surajo ne ke tura wa duk mai so a waya, kuma a shagonsa yanzu ba a wanke memorin kowa sai an kwafe shi tukuna. Duk wanda ya saurara zai ji zaman farko da murya shaƙaƙƙiya kamar ta mai shekara ɗari, sannan a na biyu murya ta buɗe garau. Baƙi kan yi mamaki. Mu mun san dalili.

A bana idanunta suka fara gajiya, sai ta miƙa wa wasu biyu kulawar manhajar, ta rubuta musu layi uku ta yi sallama. Ta bar fayil ɗin nan mai layi dubu goma sha ɗaya ya zama ƙananan ɗakuna talatin da 'yan kai, kowane ɗan aike a cikin danginsa, da sunan da bai yi ƙarya ba. Babban nan na ƙasa mai nisa ya rubuto cewa yanzu sabon shiga yana gane a mako ɗaya abin da shi ya shekara yana lalube. Har yanzu takan goge farantin sola da safe, sai dai a rumfar yanzu 'yan mata ne ke zagaye da ita, tana sa su faɗi aikin kowane ɗan aike da Hausa kafin su rubuta shi.

Malama Ummu Salma, 'yar Hafizu mai jera warƙa, mun gode. Ke ce kika yi shekaru kina share ɗakin da ba ki san wa zai kwana a ciki ba, sai ga shi baffanki ne ya kwana. Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya jiƙan mahaifinki, ya ba Malam lafiya, ya saka wa Inna Hure da ta riƙe hannun Surajo. Mu kuma da muka rage, mai shago da mai gona da mai kwamfuta, kowa ya waiwayi ɗakinsa. Ya kira abu da sunan aikinsa, ya ajiye shi inda na baya zai same shi, kada kuma ya wanke allo sai an saurara.